Rihlar yini ɗaya daga Makka zuwa Ɗa'ifa: abin da na yaba da inda aka gaza

Tun da aka shiga hutun makaranta matan unguwarmu ke tambayata a WhatsApp yadda tafiyarmu Ɗa'ifa ta kasance, da ko mutumin da ya kai mu ya ci kuɗinsa. Amsata ita ce ya ci, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin sai an gindaya shi tun kafin a tura masa ko riyal ɗaya.

Mutumin Bahaushe ne haifaffen Makka, daga wajen Shari'a Mansur, irin waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, amma da sun ga tsoho sai Hausar ta dawo tsaf har da ladabinta. Ba zan kama sunansa ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma da wannan sana'ar yake ci da iyalinsa. Yana da ƙaramar bas mai ɗaukar mutum 13, yana kai iyalai ziyara Ɗa'ifa da Jidda da Badar. Mu dalilin tafiyarmu surukata ce, Hajiya, da ta zo Umra daga Katsina. Bizar Umra ta yanzu ba ta tsare mutum a Makka da Madina kaɗai ba, ita kuma ta ce tun tana yarinya take jin malamai suna ba da labarin jifan da aka yi wa Manzon Allah (SAW) a Ɗa'ifa, tana so ta ga garin da idonta kafin ta koma gida.

Riyal 120 ya karɓa a kan kowane babba, yara rabin haka. Kuɗin ya haɗa da mota, da ruwan sha, da karin kumallo na tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, da shayi. Abincin rana da tikitin talfirik, abin hawan nan da ke tafiya a jikin waya, kowa aljihunsa. Duk wannan ya rubuto shi dalla-dalla tun ranar da muka yi magana, babu wani abu da ya ɓullo daga baya. Daren tafiya ya sake turo saƙo: kowa ya riƙe iƙamarsa, wato katin izinin zama, ko fasfo saboda shingen bincike, a ɗauko wa yara rigar sanyi, duk namijin da ke da niyyar Umra a dawowa ya sa haraminsa a jaka. Na ji daɗin wannan saƙon ƙwarai, don irin abin da mai shirya tafiya ya kamata ya tuna wa mutane ke nan.

Bayan sallar asuba muka tashi. Motar tsaf, na'urar sanyi tana aiki har kujerar baya, kuma ya ajiye wa Hajiya kujerar da ke kusa da ƙofa tare da ɗan akwatin katako da za ta taka ta hau. Ta hanyar Hada muka bi. Tsakanin Makka da Ɗa'ifa ta wannan hanyar bai kai kilomita 100 ba, amma hawa ne na gaske, don Ɗa'ifa tana sama da teku da kusan mita 1,800. Titin yana nannaɗe dutsen Kara, kwana bayan kwana, kunne yana toshewa yana buɗewa. A nan ne na san darajar direba mai haƙuri. Motoci suna wuce mu da gudu, shi kuwa bai ƙara wuta ba. Ƙaramar ɗiyata ta fara jin jiri, kafin in yi magana ya miƙo leda da yankakken lemun tsami. Mai yaron da mota ke juya wa ciki kada ya cika masa ciki kafin a hau dutsen, a bari sai an kai sama.

Birai suna nan cike a gefen hanya, manya-manya, wasu da 'ya'yansu a goye. Ya hana a buɗe taga, ya kuma hana a jefa musu abinci, ya ce hukuma ta hana kuma akwai tara. Yara sun yi ta magiya, bai saurare su ba.

Talfirik ɗin Hada, wato ɗan ɗakin gilashin nan da ke tafiya a jikin waya, yana sauka daga kan dutse zuwa Kar da ke gindin dutsen, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 4. Maigidana da yara suka shiga, ni da Hajiya muka zauna a sama muna shan iska. Sun dawo suna ba da labarin tsohuwar hanyar raƙuma da aka shimfiɗa da duwatsu, wadda ake hango ta daga ciki tana hawa dutsen a karkace. Ta nan fatake ke sauko da inabi da zuma zuwa Makka kafin a yi titi. In da yara a tafiyar, a sa kuɗin tikitin cikin lissafi tun daga gida, don ba za su yarda a wuce ba.

Inda mutumin nan ya nuna cewa ba direba kawai ba ne shi ne a Masna, tsohon yankin gonaki da ke gefen gari. Nan ne masallacin Addas da masallacin Ku'u suke, ƙanana, na dutse, ga kuma wata tsohuwar hasumiya mai zagayayyen gini a kusa. Bai sauke mu ya ce ku je ku ɗauki hoto ba. Ya samo inuwa, ya shimfiɗa wa Hajiya darduma, ya tsuguna a gabanta ya ba da labarin daga farko. A shekara ta 10 da aiko shi, bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, Annabi (SAW) ya taho garin nan da ƙafa, shi da Zaidu bin Harisa. Ya sami shugabannin Saƙif, ƙabilar garin, 'yan'uwa uku, Abdu Yalil da Mas'udu da Habibu, suka ƙi shi, suka tura masa yara da wawayen gari suna jifa har dugadugansa suka yi jini, Zaidu yana tare masa da jikinsa har aka fasa masa kai. Ya fake a gonar Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a. Su ne suka aiko baransu Addas, Kirista mutumin Ninawa, da nonon inabi a faranti. Da Annabi ya yi bisimilla, Addas ya ce mutanen ƙasar nan ba sa faɗin wannan magana. Annabi ya tambaye shi garinsu, da ya faɗa sai ya ce masa garin bawan Allah nagari Yunusa ɗan Matta ke nan, ɗan'uwana ne, Annabi ne ni ma Annabi ne. Addas ya faɗi yana sumbatar kansa da hannuwansa da ƙafafunsa.

Hajiya tana share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Malam, to a daidai ina ya zauna?"

Ya ce, "Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Gonakin a wannan yankin suke, haka mutanen gari suka gada. Amma masallatan nan gini ne na baya can, kuma babu wanda zai nuna miki dutse ɗaya ya rantse cewa a kansa ya zauna. Ki yi masa salati, shi ne abin da ya tabbata."

Wannan amsar ita ce ta sa nake ba da shawarar a bi shi. Duk wanda ya daɗe a Makka ya san irin masu kai ziyarar da ke nuna wa alhazai kowane rami da kowane dutse su laƙa masa labari, tsofaffi suna shafawa suna ɗibar ƙasa a leda. Da ya ce mata ga wurin nan, da ta gaskata shi, da ta koma Katsina tana faɗa wa jikoki. Ya gwammace ya gaya mata iya abin da ya sani.

Daga nan muka shiga tsakiyar gari, masallacin Abdullahi bin Abbas, muka yi azahar. Ibn Abbas a Ɗa'ifa ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a shekara ta 68 bayan hijira, kabarinsa yana nan gefen masallacin a bayan katanga. A wannan wajen ne kuma aka binne sahabban da suka yi shahada lokacin da Musulmi suka yi wa garin ƙawanya a shekara ta 8, bayan yaƙin Hunain. Ɓangaren mata yana da faɗi, wurin alwala ba nisa. Tsohuwar kasuwar gari tana dab da masallacin, da 'yan lunguna masu ƙamshin turare da man shanu da zuma. Minti 20 kacal ya ba mu a cikinta.

Dalilin wannan gaggawar shi ne ƙorafina babba. A hoton tallarsa gonar wardi ce jajur da furanni. Wardin Ɗa'ifa kuwa daga Maris zuwa Afrilu yake fure, da sassafe ake tsinkarsa a kai tukunya kafin rana ta ɗaga. Mu a tsakiyar zafi muka je, saboda haka gonar kore ce zalla, ko fure ɗaya babu. Ya san haka sarai, bai faɗa ba. Masana'antar da ya kai mu tana da abin kallo, ban musa ba: jerin manyan tukwanen tagulla, kowace da bututu da ke bi ta cikin ruwan sanyi ya zuba a kwalba, aka yi mana bayanin cewa sai an dafa furanni fiye da 10,000 kafin a sami tola ɗaya ta man, kuma da irin wannan wardin ake haɗawa da zamzam a wanke Ka'aba. Bayanin bai wuce na rubu'in awa ba. Sauran lokacin, fiye da awa ɗaya, a shagon masana'antar muka ƙare shi, ana fesa mana turare a hannu ana nuna mana sabulu da man shafawa, shi kuma yana can ciki yana shan gahawa da mai wurin. Ban ga an ba shi komai ba, saboda haka ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne ruwan wardin da na saya a nan na tarar da irinsa a kasuwar gari da sauƙin kuɗi, kuma lokacin da aka ɓata mana a shagon daga wani wuri aka yanko shi.

Fadar Shubra ce ta biya bashin. Farin gini ne mai hawa huɗu da tagogin katako masu saƙa, wanda Sharif Ali Basha ya gina a farkon ƙarni na 20, daga baya Sarki Abdul'aziz ya riƙa sauka a cikinsa in zafi ya matsa, a Ɗa'ifar ma ya rasu a 1953. Tana cikin jerin da aka turo mana. Ta tagar mota muka gan ta, ya ɗan rage gudu ya nuna da hannu. Babban ɗana da ya karanta labarinta a makaranta ya yi shiru har muka isa wurin cin abinci. Kasuwar Ukaz, inda mawaƙan Larabawa ke karawa tun kafin Musulunci, dama ba ta cikin shirin, tana da nisan kusan kilomita 40 daga gari.

Abincin rana ya gyara zukata. Ya kai mu gidan abinci mai ɗakunan iyali da labule, muka ci saliƙ, wanda mutanen Ɗa'ifa ke taƙama da shi: farar shinkafa da aka dafa da romo da madara har ta yi luguf kamar za a tuƙa tuwo, da gasasshiyar kaza a kai, da yajin tumatir a gefe. Hajiya da haƙoranta suka yi rauni ta ci ta ƙoshi. Wurin wanke hannu da makewayi masu tsabta ne, kuma da alama ya san da zuwan tsofaffi ya zaɓi wurin, don ba matakala.

Shafa muka je da la'asar, can sama da mita 2,000, hazo yana sauka a kan itatuwa, yara suka nemi rigunan sanyin da suka yi ta ƙorafin ɗauka. Da wuya mutum ya yarda cewa a daidai lokacin zafin Makka ya haura 40. Masu 'ya'yan itace suna jere a bakin hanya da inabi da ɓaure da barshumi, wato 'ya'yan wani tsiro mai ƙaya. Barshumin a bar mai sayarwa ya fere shi, ƙayarsa siririya ce, in ta shiga hannu sai ta kwana tana damun mutum.

Ga wanda zai bi shi, shawarata a rubuta masa jerin wuraren da ake so da lokacin kowane, ya amsa a rubuce, sannan a biya. A ce masa masana'antar wardi rabin awa, ko a cire ta gaba ɗaya in ba lokacin fure ba ne, a mayar da lokacin kan Shubra da tsohuwar kasuwa. In iyalai biyu za su haɗa kuɗi su ɗauki motar dukanta ya fi, don a rihlar da aka haɗa baƙi da baƙi ra'ayin direba ne ke tafiya. Masu hali kuma su kwana. Akwai gidajen haya na kwana ɗaya a Hada da Shafa, kuma ya ce yana shirya irin wannan in an gaya masa da wuri, musamman ƙarshen mako da mutanen Makka da Jidda ke cika garin. A kuma tambaye shi halin da hanyar Hada ke ciki a safiyar tafiya, don akan rufe ta in hazo ko ruwa ya yi yawa.

Ta hanyar Sail muka dawo. Ta fi tsawo, amma ba ta da kwanonin Hada, ta fi kwanciyar hankali da dare. Muka tsaya a mikatin Ƙarnul Manazil, wanda Annabi (SAW) ya ayyana wa mutanen Najdu da duk wanda ya biyo ta nan. Masallacin babba ne, akwai wuraren wanka na maza da na mata. Bai gaggauta kowa ba. Kafin a shiga mota ya gaya mana cewa malamai da dama suna ganin a wannan yankin ne mala'ikan duwatsu ya nemi izinin haɗe wa mutanen duwatsu biyu, Annabi ya ƙi, ya ce yana fatan Allah ya fitar da masu bauta masa shi kaɗai daga tsatsonsu. Saƙif kuwa sun musulunta a shekara ta 9 bayan hijira.

Hajiya da maigidana suka ɗauki niyya a nan. Sai dai a sani, kuɗin rihlar a unguwa yake ƙarewa. Wanda ya ɗaura harami yana so a kai shi kusa da Harami sai ya ƙara wani abu, mu riyal 30 ya karɓa. Tsohuwar da ta yini a mota tun asuba kuma a tanadar mata keken turawa don ɗawafi da sa'ayi. Hajiya da ƙafarta ta fara, a zagaye na uku ta ce a kawo keken.