Solben ko eko-solben: wane inji ya dace da buga fileks mai raga?

Malam, ka ce an fara kawo maka aikin fileks mai raga, irin wanda ake ɗaurawa a jikin shingen waya da dogayen gine-gine, kuma kana tsakanin sayen injin solben (mai tawada mai ƙarfin sinadari) mai faɗin mita 3.2 da na eko-solben (mai tawada mai sauƙin sinadari) mai mita 1.8, wanda mai sayarwa ya yaba maka saboda kyawun hotonsa. Ra'ayina shi ne, a wannan aiki kyawun hoto ne abu na ƙarshe da za ka duba.

Dalili yana cikin ledar kanta. Wadda aka fi amfani da ita kusan kashi 30 cikin 100 na jikinta huji ne, domin iska ta riƙa wucewa kada ta yaga tallar ko ta kayar da abin da aka ɗaura ta a kai. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na hoton ba ya da inda zai zauna tun daga farko, kuma mai kallo daga tsallaken titi yake hango shi. Kan buga (ɓangaren injin da ke fesa tawada) na Epson i3200, da ake sa wa injunan eko-solben da yawa, yana fesa ɗigo mai ƙanƙantar da ba ta kai fikolita 4 ba (fikolita ma'aunin girman ɗigon tawada ne), abin da ke ba da sha'awa a sitika da hoton da ake kallo kusa da ido. Kan Konica Minolta 512i kuwa ɗigonsa fikolita 30 ne, na Seiko 510 kuma 35. A jikin raga wannan babban ɗigo riba ne, domin yana zuba tawada mai kauri cikin sauri, launin ya fito da ƙarfi duk da hasken da ke ratsowa ta hujin. Da ƙaramin ɗigo sai ka ƙara yawan zagayen da kan yake yi kafin launi ya cika, lokaci ya tafi, tawada mai tsada ma ta tafi.

Abin da na fi so ka tsaya a kai shi ne inda tawadar da ta bi ta huji take zuwa. Idan injin ba shi da magudana a ƙarƙashin inda kan yake wucewa, tawadar za ta sauka a kan farantin inji, ta ɓata bayan ledar, ta shiga ramukan da ke zuƙo leda ta kwanta, kuma kafin ka ankara ka ga baƙin layi yana bin aikin daga farko har ƙarshe. Manyan injunan solben da yawa suna zuwa da wannan magudana, da soso a ciki da ake sauyawa, amma ba dukansu ba, saboda haka ka sa a buɗe maka ka gani da idonka kafin ka biya. Yawancin ƙananan injunan eko-solben shafaffen faranti gare su, wanda ke tilasta maka sayen raga mai shimfiɗa a baya, wadda ake ɓarewa bayan bugu. Tana aiki sarai, sai dai ta fi tsada, kuma ɓare ta a aikin da ya kai mita ɗaruruwa wahala ce ta daban.

Sai batun faɗi. Tallar jikin gini ba ta fita a yanki ɗaya, dole a haɗa yankuna da injin walda mai iska mai zafi, sannan a naɗe baki a buga zobba. Bango mai faɗin mita 12 yanki 4 zai ci a injin mita 3.2, amma a na mita 1.8 sai ka buga 7. Kowace mahaɗa wuri ne da iska ke gwada ƙarfinta, kuma wuri ne da launi ko layin hoto zai iya saɓawa, wanda mai tallar zai gani tun daga nesa.

Ta fuskar jure rana, tawadar solben tana cin jikin ledar ta shige ciki, shi ya sa take daɗewa ba ta koɗe ba. Ta eko-solben mai kyau ma tana jurewa, amma ta fi saurin karcewa, ga shi raga ba a manna mata ledar kariya kamar yadda ake yi wa sitika. Inda eko-solben ya yi nasara shi ne wari. Solben yana da wari mai ƙarfi da ke cutar da ƙirji da ido, kuma ina roƙonka kada ka ajiye shi a rufaffen shago da yara ke wuni a ciki ba tare da fanka mai fitar da iska waje ba. Kawunan Konica da Seiko sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma sun fi daɗewa, musamman idan aka kwatanta da Epson XP600 mai araha. Dukansu ƙurar hunturu da rawar wutar janareta na kashe su, don haka ɗaki mai rufi da sitabilaiza suna cikin kuɗin inji.

Injin HP Latex ba ya da warin solben, wasu samfuransa ma suna da abin tara tawada, amma yana busar da aiki ne da zafi mai yawa, wanda ke cin wuta sosai. Injunan UV (masu busar da tawada da haske) masu mita 5, irin na Durst da EFI, na manyan kamfanoni ne, ba na mai fara wannan layi ba.

Idan raga da babban fileks ne za su zama rabin aikinka ko fiye, ka ɗauki solben mai mita 3.2 mai magudana, daga hannun wanda yake da injiniya da kayan gyara a kusa da kai. Idan kuwa sitika da ƙananan talla ne ke ciyar da shagon, raga sai jefi-jefi, ka sayi eko-solben ka riƙa amfani da mai shimfiɗa, babban aiki kuma ka kai wa mai babban inji. Ko wanne ka zaɓa, ka je da guntun ragar da za ka riƙa saye a buga maka baƙi da ja a kai, ka ɗaga shi a rana, ka ja baya kamar mita 10 ka duba, sannan ka juya bayansa ka ga ko tawada ta ɓata shi.