Wankin hoto a Shomolu: kala sun iya, amma baƙi da fari sun kusa sa ni kuka

Tun watan jiya nake son rubuta wannan sai na bari zuciyata ta ɗan huce tukunna, don da a ranar na rubuta wallahi ba abin da zai fito sai zagi. Ba zan kama sunan shagon ba, wani wajen wankin hoto ne dai a Shomolu da wani abokina mai ɗaukar hoton biki ya yi ta zuga min, wai duk Legas babu kamarsu.

Ni ba ƙwararre ba ne, kayan waya nake sayarwa a Agege, hoton titi sha'awa ce kawai. Kamarata Fujifilm X-T20 ce tokumbo da na saya a Computer Village, kuma kusan shekara guda kenan na ɗora ta a kan Acros, wato baƙi da fari, na ƙi saukewa. A raina duk hoton da ya amsa sunansa hoto to baƙi da fari ne, kala kuma ta masu biki da suna ce. Tun da na ga hotunan kitson mata na marigayi Ojeikere, shahararren mai ɗaukar hoton nan ɗan Najeriya, waɗanda ya fara ɗauka tun 1968, na ce shi ke nan ni ma nan na tsaya. Allah dai ya taimake ni ina ɗauka da RAW haɗe da JPEG, wato kamarar na ajiye ɗanyen hoton tare da wanda ta sarrafa, don haka kalar tana nan a ajiye ko da ban kalle ta ba.

To akwai wani dattijo mai shayi da nake karyawa a wajensa ba nisa da gadar Pen Cinema, Baba muke ce masa kowa da kowa. Wata safiya cikin Janairu bayan an idar da asuba, hazo ya ɗan sauko, gari bai gama wayewa ba, ƙwan fitilarsa guda ɗaya yana haska shi ta gefe, ya ɗaga hannu sama yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi tururi na tashi ta gaban farin gemunsa. Na danna sau uku, na biyun ya kama. Ban taɓa ɗaukar hoton da nake so kamarsa ba. Kuma wannan kam dole baƙi da fari ne, don na buɗe mai kalar na gani, idonka ba ya zuwa kan Baba sam, gwangwanin Milo kore yana kiranka, kwalin Lipton rawaya yana kiranka, ga wani shuɗin bokiti a ƙasa, ga gindin danfo, motar hayar nan ta Legas, a baya. Da ka cire kalar duk sai su yi shiru, daga fuska sai tururi sai hannu.

Rannan ya ce min, "Ɗana, wai wannan hoton da kake ta ɗaukata kullum ina yake zuwa ne?" Kunya ta kama ni. Na ce Baba in sha Allahu zan wanko maka babba a sa a firem. Ya ce to madalla, dama zai je gida da azumi sai ya kai wa yara. Dalilin zuwana Shomolu kenan.

Hotuna 12 na kai a filash, 8 baƙi da fari 4 masu kala. Yaron da ke kan kwamfuta na tsaya a kansa na faɗa masa abu uku har da nuni da yatsa: 8x12 nake so, wato inci 8 da inci 12, kar a yanke ko'ina, kar a gyara komai na riga na gyara kayana. Ya ce ba matsala oga, hankalinsa rabi na kan wayarsa. Aka ce Juma'a. Na rufe shago na taso daga Agege na biyo ta Oshodi na sha gosulo, kun dai san hanyar, na iso aka ce ba a yi ba, wai babu wuta kuma janareto ya lalace. Ko a kira ni a waya, ga lambata a jikin rasit. Na haɗiye na koma.

Litinin na karɓi ambulan, na ɗan leƙa a cikin shagon ƙarƙashin doguwar fitilar nan tasu ban lura da komai ba, sai da na sauko bakin titi na zaro hoton Baba a hasken rana. Innalillahi. Kore! Ba wai kore shar ba, wani irin kore-kore mai datti, gemun nan fari tas ya koma kamar wanda ya tsoma shi a miyar kuka. Fuskarsa kuma an haska ta ta yi fari-fari kamar ya shafa toka, duhun nan na baya da na sha wahala na bar shi a duhunsa an buɗe shi tas, ga kwata ga tarin ledoji ga ƙafar wani mutum da ban ma san yana cikin hoton ba. Sannan abin da ya fi ƙona min rai, a 8x10 suka wanke. Kamarar nan hotonta 3:2 ne, wato in tsawo uku ne faɗi biyu ne, 8x12 ne yake ɗauke shi cif, in ka tura shi 8x10 dole inci biyu su tafi, kuma inci biyun da suka tafi su ne hannun Baba na sama da kofin. Sai ga shayi yana zubowa daga sama ba mai zuba shi, sai ka ce aikin aljanu.

Na haura da gudu. Yaron ya kalla ya ce min da broka wai haka injin yake fitarwa. Haka injin yake fitarwa! Na ce injin ne ya yanke hannun mutum? Muryata ta ɗaga gaskiya, har wasu masu jiran kalandar coci suka juyo, sannan mai wajen ta fito daga ciki, wata Bayarabiya babba da tabarau a wuya. Ta karɓi hoton ta fita da shi baranda ta duba a rana, ta dawo ba ta musa ba ko kaɗan, ta juya ta wanke yaron tas da Yarbanci, ban ji duka ba amma na ga ya ajiye wayar.

Ita ce ta zaunar da ni ta yi min bayanin da ya kamata a yi min tun ranar farko. Babban injin nasu na sinadari ne, takardarsa ta hoto mai kala ce, babu baƙin tawada a cikinta, rini uku ne a jere, shuɗi-shuɗi da ja-ja mai kama da hoda da rawaya, su ake haɗawa su ba da toka-toka. In sinadarin ya ɗan tsufa ko zafinsa ya sauya sai ɗaya ya rinjayi sauran, a hoton biki ba mai ganewa don kala ta rufe, amma a baƙi da fari nan take zai karkata kore ko hoda. Hasken fuskar kuma gyaran kai-tsaye ne da injin ke yi, da ya ga duhu da yawa sai ya ɗauka kuskure ne ya buɗe shi, ana iya kashewa yaron ne bai kashe ba. Ta ce baƙi da fari na gaskiya sai a ɗaya firintar tasu mai feshin tawada, wadda ke da baƙi da toka-toka nata daban. Na ce to Madam me ya hana a faɗa min? Ta ce laifinsu ne. Gaskiya a nan na sauko, don a garin nan ka samu mai shago ya ce laifina ne ba ƙaramin abu ba ne.

Muna cikin haka na ci gaba da zaro sauran, sai ga wani abin da ban zata ba. Akwai hoton da na ɗauka a kasuwar Mile 12 ana sauke kayan gwari daga tirela, wani ɗan dako ɗan uwanmu da kwandon tumatir a ka yana ratsawa tsakanin tarin tattasai da attaruhu, danfo biyu a bayansa. Baƙi da fari na so shi, ashe ni ne na yi kuskure na jefa mai kalar a filash ɗin, wannan kam ba zan ɗora musu ba. Jama'a hoton nan ya yi kyau har na rasa abin cewa. Jan tumatirin kamar ka sa hannu ka ɗauka, rawayar danfo da baƙin layinta ta fito daidai yadda take a titi, fatar yaron da gumi a goshinsa ba a haska ba ba a duhunta ba. Wata shida ina kallon hoton nan a baƙi da fari a waya ina jin wani abu ya rasa ban san mene ne ba. Ashe ja da kore in aka cire musu kala kusan toka iri ɗaya suke komawa, tumatir da koren tattasai da kwando duk su cakuɗe su zama tarin duwatsu. Na ma taɓa gwada jan filta na cikin Acros ɗin, sai tumatir ya yi fari kamar ƙwai. Kasuwar nan kalar ita ce labarin, ni kuma don taurin kai na yi ta zubar da ita. Tun ranar na sauke kamarar daga Acros in zan shiga kasuwa ko tasha, ina mayar da ita ne da asuba ko da daddare ko in fuskar mutum nake bi.

To aka sake wanke guda 8 ɗin a firintar tawada, a takarda mara sheƙi. Ba ƙarya sun yi kyau, baƙin ya zauna baƙi ƙirin, tururin ya fito siriri, hannun Baba ya dawo da kofinsa. Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya je.

Amma fa kuɗin ya kusa ninki uku, kuma da na zo biya sai na ga ba a cire min ko sisi na waɗanda suka lalata ba. Na yi magana, Madam ɗin da ta gama cewa laifinsu ne ta ce ai takarda ta riga ta tafi, da kyar ta yafe rabi kamar tana min alfarma. Wato na biya rabin kuɗin hoton da aka yanke wa hannu. Ga kuɗin mota zuwa huɗu, ga rufe shago, ba wanda ya lissafa wannan. Firem ɗin ma da na iso gida na duba akwai wani ɗan zare a cikin gilashin daidai kan hular Baba, sai da na kwance bayan da kaina na goge. Kuma har yau ina jin haushin yaron nan, abu uku kacal na faɗa masa bai yi ko ɗaya ba, in na tuna yadda ya ce haka injin yake fitarwa sai raina ya sake ɓaci. Don haka in masu kala za ka kai, kai musu, sun fi duk inda na gwada. In baƙi da fari ne kar ka miƙa wa yaron kan kwamfuta, nemi mai wajen, ka ce firintar tawada kake so, a rubuta girman a rasit, a fitar maka da ƙarami guda ɗaya ka fita da shi rana ka duba kafin a yi sauran.

Na kai wa Baba nasa ranar Laraba da safe, na naɗe a jarida. Ya goge hannu a tawul ya karɓa, ya daɗe yana kallo, masu shan shayi suka taso suna kai Baba ka fito, ni kuma ina gefe ina jiran yabo. Can ya ɗago ya ce, "Allah ya yi albarka ɗana. Amma kuɗin ne bai kai na mai kala ba? Ai da ka faɗa min na cika." Wai hular da ke kansa sabuwa ce ruwan goro, kuma yana so yara su ga kayan shagon yadda ya cika, wannan kuwa za su ce tun zamanin Gowon aka ɗauka.

Na ce Baba za a kawo mai kalar. Asabar zan koma Shomolu.