Ɗaukar Nauyin Doki Ko Karɓar Riƙonsa?

'Yan uwa mazauna Ingila sun dame ni da tambaya kan Redwings, ƙungiyar agajin da aka kafa a yankin Norfolk na gabashin Ingila a 1984 don kula da dawakan da aka ceto: a ɗauki nauyin doki daga nesa, ko a karɓo shi riƙo?

Ɗaukar nauyi ba wuya. Ɗan kuɗi kaɗan za ka riƙa bayarwa, su aiko maka hotonsa da labarinsa, in ka samu sarari ka kai masa ziyara. Sai dai ba za ka hau shi ba, kuma ba kai kaɗai ke biya masa ba.

Riƙo kuwa, nan ake yin ta. Ciyawa, fili, likitan dabbobi, gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8, duk a wuyanka. Ga shi doki na iya kai shekara 30. Wanda ya sha wuya a hannun wani ma, sai an lallaɓa shi kafin ya yarda da mutum. Abin da ya burge ni, dokin na nan mallakin ƙungiyar. In ka gaza, su karɓi abinsu.

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke gidan haya, ɗaukar nauyi ya ishe shi. Mai fili da lokaci, wanda ya saba da linzami tun yana yaro, ya nemi riƙo.