Abin da ya sa lemon Ingila bai kai na gida zaƙi ba

Salamu alaikum 'yan uwa na gida. Duk wanda ya saba da Fanta ta Kano ko Kaduna, in ya kurɓi ta nan Ingila sai ya ji kamar an tsarma mata ruwa. Juya gwangwanin ka duba bayansa: sukarin da ke cikin kowace mililita 100 bai kai giram 5 ba. Haraji ne ya jawo haka.

A watan Maris na 2016 ministan kuɗi George Osborne ya sanar da harajin lemo mai sukari, amma bai fara aiki ba sai Afrilun 2018. Kamfanin da ya haɗa lemon ko wanda ya shigo da shi ƙasar ne ke biya. Hawa biyu aka yi masa, ga kuɗin da aka fara da shi a 2018: lemon da sukarinsa ya kai giram 5 a mililita 100, kwabo 18 na kuɗin Ingila a kowace lita, wanda ya kai giram 8, kwabo 24. Ƙasa da giram 5 ko sisi ba a biya. An ware zallan ruwan 'ya'yan itace da abin sha mai madara da yawa, da ƙananan kamfanonin da ba sa yin lita miliyan ɗaya a shekara.

Waɗannan shekaru biyu na tsakani su ne sirrin abin. Kamfanoni suka samu sukunin sauya haɗi. Irn-Bru na Sikotilan ya sauko daga giram 10.3 zuwa 4.7, Lucozade da Ribena ma suka koma ƙasan layi, aka cike giɓin da sinadaran zaƙi. Coca-Cola ta asali ta tsaya a giram 10.6, wato kusan cokalin shayi tara na sukari a gwangwani ɗaya, mai saye ya ɗauki ƙarin kuɗin. Baitulmali ta yi hasashen fam miliyan 520 a shekarar farko, kafin a fara karɓa ta rage lissafin zuwa 240. Babu wanda ya yi kuka da haka, don dama rage sukarin ake nema.

Masu bincike sun bi diddigi. Wata tawaga ƙarƙashin Jami'ar Oxford ta riƙa tattara bayanan lemukan da manyan kantuna ke sayarwa ta intanet, ta gano cewa waɗanda suka haura giram 5 sun ragu daga kashi 49 cikin ɗari a 2015 zuwa kashi 15 a farkon 2019. Wannan babu gardama a kansa, rubuce yake a jikin kwalba. Inda ake ja-in-ja shi ne lafiyar jiki. A Ingila ana auna tsawo da nauyin yara a makaranta sau biyu, a shekara 4 zuwa 5 da kuma 10 zuwa 11. Masana a Cambridge suka ɗauki waɗannan alƙaluma, suka zana yadda ƙiba za ta tafi da ba a sa harajin ba, suka gwada da abin da ya faru. A 2023 suka ce ƙiba ta ragu da kashi 8 a tsakanin 'yan mata masu shekara 10 zuwa 11, kimanin yara 5,000 a shekara. A maza da ƙananan yara ba su ga sauyi ba. Raunin wannan hanya shi ne dokar ta hau kan ƙasar gaba ɗaya rana guda, babu wani yanki da aka bari don a kwatanta, kuma duk abin da ya sauya a lokacin yana iya raɓewa cikin sakamakon.

To, mu dawo gida. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa naira 10 a kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Kwalbar rabin lita naira 5 ke nan, kuɗin da yanzu ko ruwan leda ba zai saya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ganin sai haraji ya ɗaga farashi da kamar kashi 20 kafin mutane su rage sha sosai. Amma a ganina ƙarancin kuɗin ba shi ne babbar illar ba. Namu lita yake ƙirgawa, ba ruwansa da yawan sukari. Mai giram 3 da mai giram 12 duk kuɗi ɗaya, to me zai sa kamfani ya taɓa haɗinsa?

Na Ingilan ma yana da ƙofar raggo: lemuka da yawa sun yi cincirindo daf da layin, giram 4 da ɗoriya. Su kuwa 'yan Najeriya da ke nan, shagunan kayan Afirka suke zuwa su sayi Fanta ta kwalba da aka yo oda daga gida, da tsadarta.