Zango guda da na yi ina shirya lacca da manhajar hira

Ina koyar da labarin ƙasa a wata kwaleji a jihar Kebbi, kuma a zangon da ya wuce aka kawo mini ɗalibi mai larurar gani cikin ajin da ya haura mutum ɗari. Takardun laccata tsofaffi ne, hotonsu aka ɗauka ana rabawa a WhatsApp, kuma TalkBack, wato na'urar karanta rubutu da ke cikin wayar Android, ba ta karanta masa irin waɗannan hotuna yadda ya kamata. Wannan ne ya sa na koma ga ɗaya daga cikin manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, na yi aiki da ita har ƙarshen zango.

Inda ta fi yi mini rana shi ne sake fasalin takardu. Nakan ɗora mata hoton shafi ta mayar da shi rubutu, ta sa kanun magana bi da bi yadda mai sauraro zai iya tsallakawa daga wannan sashe zuwa wancan, sannan ta warware jadawalin ruwan sama ya koma jimloli. Aikin da zai cinye mini Asabar da Lahadi yakan ƙare tsakanin Magariba da Isha'i. Ita ce kuma ta fara nuna mini tsarin nan na UDL da cibiyar CAST ta Amurka ta fito da shi, wanda ke cewa a gabatar da darasi ta hanyoyi da dama, a kuma bai wa ɗalibi hanya fiye da ɗaya ta nuna abin da ya fahimta. Daga nan na amince ya riƙa turo mini aikin gida da muryarsa.

Taswira ce ta tona asirinta. Na ba ta zanen da na yi da hannu na gulbin da ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya gangara kudu ya faɗa kogin Neja, na ce ta bayyana shi ga wanda ba ya gani. Bayanin ya fito sumul, amma ta juya ruwan ya nufi arewa, kuma ba ta nuna wata alamar shakka ba. Ɗalibin ne ya gano, domin ɗan masunta ne. Bayan lacca ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a garinmu ruwan ba can yake tafiya ba." Tun daga ranar ban sake tura masa bayanin zane ba sai na bi shi layi-layi da taswira a gabana.

Shawarwarinta kan tafiyar da aji kuwa na wata duniya ne. Takan ɗauka akwai majigi, da wutar da ba ta yankewa, da ofishin kula da masu buƙata ta musamman, sai na zayyana mata cewa allo da alli nake da su kafin ta sauko ƙasa. Da na tambaye ta dokar hana nuna wariya ga nakasassu, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba ni bayani mai ma'ana, har da wa'adin shekara 5 da aka ɗiba don gyara gine-ginen jama'a. Hausarta dai tana ɗingishi, takan zubar da lanƙwasar ɗ da ƙ, don haka taƙaitawar da nake yi wa ɗalibai da Hausa da bakina nake ɗauka in tura.

Abin da ban zata ba shi ne, sauran ɗalibai suka fara roƙon a turo musu irin takardar da ake bai wa ɗalibin nan mai larurar gani, saboda ta fi sauƙin buɗewa a ƙaramar waya kuma ba ta cin data. A zango mai zuwa ita kaɗai zan raba wa ajin gaba ɗaya.