Ƙofa ɗaya a Landan, ƙasa guda a Siwizalan

Ƙanwata, tambayarki ita ce wai da gaske ne mutum ya biya kuɗin jirgi don kawai ya ga inda aka ɗauki fim ɗin soyayya mai ban dariya, kuma tsakanin na Turawa da na Indiya wane ya fi jan mutane. Wallahi da gaske ne, amma jan nasu ba iri ɗaya ba ne.

Na Turawa dai ki ɗauki Notting Hill na 1999, wanda Julia Roberts da Hugh Grant suka yi a Landan. Abin da mutane ke tahowa gani ƙofa ce shuɗiya ta wani gida a titin Westbourne Park, sai kasuwar Portobello da shagon littattafai. Ƙofa fa! Ta asalin ma an sayar da ita a gwanjo, aka sa baƙa, daga baya aka sake mayar da ita shuɗiya, kuma har yau ana tsayawa bakinta ana ɗaukar hoto alhali gidan mutane ne suna ciki suna harkarsu. Mutum ya zo ya yi hoto minti biyar ya sha shayi ya wuce, dama can Landan ya zo, ƙofar ƙari ce.

Na Indiya kuwa nan ne magana take, kuma mu nan Sakkwato da muka tashi da kallon Indiya mun fi gane wannan. Da rikicin Kashmir ya tsananta wajen ƙarshen shekarun 1980, masu fim suka rasa inda za su samu duwatsu da ƙanƙara don waƙa, sai irin su Yash Chopra suka karkata Siwizalan. Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, na Shah Rukh Khan da Kajol, wanda Aditya ɗan Yash Chopra ya ba da umarni, shi ya ƙarasa aikin, aka ɗauka a garuruwa irin Saanen da Zweisimmen, ga tashar jirgin ƙasa ga gada ga shanu da ƙararrawa a wuya. Tun daga nan amare da angwayen Indiya suka mayar da ƙasar wurin zuwa bayan biki, kuma ba hoto ɗaya suke yi su wuce ba, kwana suke a otal su hau jirgi su ci abinci su yi sati. Su kuma mutanen ƙasar ba su yi barci ba, saman dutsen Titlis akwai hoton jaruman nan biyu a tsaye cikin ƙanƙara kowa na raɓawa, a tsaunin Jungfraujoch akwai gidan abincin Indiya, a garin Interlaken kuma sun kafa mutum-mutumin Yash Chopra a 2016.

To ni a ganina na Indiya ya fi nesa ba kusa ba, saboda waƙar minti shida tana zagaya da ke gari da tsauni da tafki har wurin ya zauna miki a rai, na Bature kuwa labarin ne ke gaba, wurin ɗan lungu ne.

Sai dai abin yana da ciwon kai in ya yi yawa. Ƙauyen Iseltwald, shi ma a Siwizalan, fim ɗin Koriya mai dogon zango Crash Landing on You ya jawo masa cunkoso har a 2023 suka sa shinge ana biyan faran 5 na kuɗin ƙasar kafin a taka ɗan dandamalin bakin tafkin.

Abin da ke cina a rai shi ne namu. Finafinan Hausa yawanci a falo da otal da lambu ake yi, ki gama kallo ba ki san ko wane gari ba ne. Ga madatsar Goronyo da yamma lokacin da rana ke faɗuwa kan ruwa masu kwalekwale na dawowa, ga ganuwar dutse ta Surame can wajen Binji, ina ma wani darakta ya kai masoyansa can ya kuma sa su faɗi sunan wurin da bakinsu a cikin fim ɗin.