Numark Mixtrack Pro FX ko Pioneer DDJ-FLX4: a ina daidaiton fich yake?

Ƙanena, cikin kontirolan DJ ɗin nan biyu, wato na'urorin haɗa waƙoƙi da ake jonawa da laftof, ɗauki Numark ɗin. Tun da biki da kamu da walima kake yi a cikin Gombe, kuma ka ce damuwarka ita ce waƙa biyu su zauna tare ba su zame ba, tsakanin Mixtrack Pro FX da DDJ-FLX4 ba sai an yi dogon tunani ba. Maganar da mai kayan ya gaya maka kuwa, wai in an yi wa FLX4 sabon famwaya fedar fich ɗinta, wato madannin da ake ja sama da ƙasa don ƙara ko rage gudun waƙa, za ta kamo ta Numark, ka bar masa abarsa. Famwaya ita ce 'yar manhajar da ke zaune a cikin na'urar kanta, tana gyara kuskuren lissafi da yadda na'ura ke magana da kwamfuta. Ba ta ƙara wa ƙarfe tsawo.

Tsawon nan kuwa shi ne kan magana. Fedar fich ta Numark doguwa ce, kusan santimita 10, irin tsawon da ke jikin manyan na'urorin kulob. Ta FLX4 gajera ce, da ido ma za ka gani in an jera su. Bari mu yi lissafi da waƙar amapiano mai bugu 112 a minti. In ka sa iyakar fich a kashi 8 sama da 8 ƙasa, feda za ta raba kashi 16 ne a tsawonta. A kan milimita 100, kowace milimita ɗaya da yatsanka ya gusa ta canza gudu da kashi 0.16, wato kimanin bugu 0.18 a minti. Ɗauki feda mai milimita 60 a misali: wannan motsin dai ya zama kashi 0.27, kimanin bugu 0.3. A takarda ƙaramin abu ne. A lasifika kuwa, bambancin bugu 0.3 yana nufin cikin daƙiƙa 15 gangunan biyu sun rabu har kunne ya fara jin "dadam, dadam" kamar sukuwar doki, kuma kafin minti ya cika kowa a rumfa ya ji, har wanda bai san menene BPM, wato bugu a minti, ba. Yatsa mai gumi, tebur yana girgiza saboda bas, yara suna jingina da shi, ba ya gusa rabin milimita yadda kake so. Doguwar feda tana yafe maka wannan rawar hannun.

Wani zai ce ai akwai SYNC, maɓallin da ke daidaita gudun waƙa biyu da kansa. Akwai, kuma a kan amapiano da waƙoƙin Legas da aka haɗa a kwamfuta yana aiki lafiya lau. Amma kai rabin darenka waƙoƙin Hausa ne. Manhaja tana yawan ruɗewa da salon kiɗanmu: ta ƙirga waƙa ninki biyu ko rabi, ko ta ɗora layin bugun farko a inda ba nan mai rawa yake taka ƙafa ba. Wanda aka buga da kalangu ko ganga da hannu kuma gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, makaɗi yana ɗan ƙara wuta in waƙa ta yi daɗi. SYNC layukan da manhaja ta zana yake bi, in sun karkace shi ma ya karkace. A nan ne Numark take nuna kyanta. Amarya ta shigo, ƙawaye suna liƙi, mai sanarwa ya ɗaga hannu a canza waƙa yanzu yanzu. Sai ka ja doguwar fedar a hankali har kunnenka ya ce ya yi, ka ɗan taɓa maɓallan ƙari da ragi na fich da ke jikinta don tura bugun gaba ko baya, waƙa ta shige cikin 'yar'uwarta ba wanda ya tsaya da rawa. Faifanta da ake juyawa da hannu ma manya ne, inci 6, suna da daɗin turawa da gefen yatsa. FLX4 ba ta da waɗannan maɓallan, sai dai ka tura da gefen faifai.

FLX4 dai ba laifi, tana aiki. Ta fito a 2022 ta gaji DDJ-400, tana hawa manhajojin DJ na rekordbox da Serato DJ Lite, tana haɗuwa da wayar hannu, kuma tsarin maɓallanta ya bi na manyan na'urorin Pioneer. In wani ya riga ya saya, ya danna SHIFT tare da BEAT SYNC a rekordbox ya mayar da iyakar fich kashi 6. Hakan zai rage masa tsallen sosai, don kashi 12 ne kawai za a raba a tsawon fedar.

Wannan batun iyaka shi ne abin da ya fi cutar mutane, ko wace na'ura suke riƙe da ita. Serato tana ba da kashi 8, 16 da 50. rekordbox tana ba da 6, 10, 16 da kuma mai faɗi gaba ɗaya. Sai ka ga mutum ya bar nasa a kashi 50 tun ranar da ya so ya haɗa waƙa mai bugu 95 da mai 125, ya manta, yana ta kukan wai fedarsa ta lalace. A kashi 50, ko da feda mai santimita 10 ce, milimita ɗaya kashi ɗaya ce cur, sama da bugu guda a minti. Ka zauna a 8, ka hau 16 in ta kama, ka sauko da zarar ka gama. Ka kuma kunna makullin murya, wanda Serato ke kira KEYLOCK, don kada muryar mawaƙi ta koma ta yaro in ka ƙara gudu.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Feda tana aika wa kwamfuta matsayinta ne da lambobi, ta hanyar MIDI. Saƙo ɗaya yana ɗaukar mataki 128 kacal. In aka haɗa saƙo biyu, ana iya kaiwa mataki 16,384, kuma akasarin kontirolan zamani haka suke aika fich. To amma in kana amfani da tsohuwar manhajar da aka fasa, wadda ba ta san na'urarka ba, aka ɗora maka taswirar maɓallan da wani ya haɗa da hannu, sau da yawa saƙo na farko kawai take karantawa. Sai ka koma mataki 128: a kashi 8 kowane mataki kusan bugu 0.14 ne, a kashi 16 ninkinsa, kuma ba yadda za ka tsaya tsakanin mataki biyu. Alamarsa, kana gusa feda a hankali lambar tana tsaye, can sai ta yi tsalle. Maganinsa manhaja ta asali. Serato DJ Lite kyauta take da Numark, sai dai ba ta naɗar kiɗan da ka haɗa, in kana so sai ka biya ka hau Serato DJ Pro. A nan FLX4 ta ɗara ta, don rekordbox tana buɗe mata da naɗi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Numark kuwa ba ta hawa rekordbox, ka sani tun yanzu. Masu VirtualDJ, duka biyun suna aiki da ita amma sai da lasisi.

Wani abin da ake ɗauka lalacewa ne alhali lafiya ƙalau: ka danna SYNC, manhaja ta kai gudun waƙa wani wuri, fedar hannunka tana wani wurin. In ka taɓa ta ba za ta amsa ba har sai ka kai ta daidai inda manhaja take, sannan ta kama. Da gangan aka yi haka don kada gudu ya yi tsalle a tsakiyar rawa. Ka kashe SYNC, ka ja fedar sama da ƙasa har ta kama.

A wajen famwaya gaskiya kamfanin Pioneer ya fi tsari, shafinsu yana jera kowane sabon bugu da abin da ya gyara. Ka karanta wannan jerin kafin ka taɓa komai, ko wace ka saya. In matsalarka ba ta ciki, kuma na'urarka tana aiki, ba dole. In kuwa za ka yi, daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke, ka tabbatar sunan na'urar ya yi daidai harafi da harafi, don fayil ɗin DDJ-400 ba na FLX4 ba ne, na Mixtrack Platinum FX ba na Pro FX ba ne. Ka cika cajin laftof, ka cire ta daga wuta in kana kan janareta ko wutar NEPA mai rawa, batirinta ya ishe ta. Ka rufe Serato da rekordbox gaba ɗaya, don in suna buɗe suna riƙe da na'urar. Ka sa wayar USB kai tsaye a jikin laftof, ban da mahaɗar nan mai baki huɗu, kuma ka yi amfani da wayar da ta zo da ita. FLX4 USB-C ce, kuma wayoyin caji da yawa na kasuwa wuta kawai suke kaiwa, ba sa ɗaukar bayanai. Ka hana laftof yin barci. In ya fara, hannunka ya bar tebur har sai ya rubuta an gama. Katsewa a tsakiya ita ce ke barin na'ura ba ta tashi, don an goge tsohuwar manhajar ba a gama rubuta sabuwar ba. Kuma kada ka yi ranar Juma'a in kana da biki Asabar. Yi ranar Litinin, ka kunna ta awa biyu a gida ka ji.

In lambar BPM tana rawa ita kaɗai ba ka taɓa komai ba, wannan ba aikin famwaya ba ne, ƙura ce. A cikin feda akwai siririn layin gawayi da 'yan yatsun ƙarfe ke gogawa a kai, hunturun Gombe kuwa ba ya barin rami. Nan ne raunin doguwar feda, bakinta ya fi tsawo, ta fi shan ƙura. Ka samo mata mayafi ko jaka mai zif, ka rufe ta da zarar an tashi, musamman in aiki ya kai ka Kumo ko Bajoga a bayan mota. Ka hura ramin da iska, in ba ta daina ba a sa ɗigon man wanke feda na musamman a ja ta sama da ƙasa sau ashirin. Ban da fetur, ban da man keke, ban da feshin kwance tsatsa. Suna wanke maiƙon da ke sa ta santsi, su tara datti, su ci layin gawayin.

Ba ka tambaya ba amma ka ji: masu turo kaya daga Legas ta hoto, akwai na kirki akwai macuta. Wasu kwance ce ake gogewa a mayar kwali a ce sabuwa. Wasu fedar ta riga ta mutu a tsakiya, inda aka fi gogawa, shi ya sa suke riga ka da zancen "famwaya kawai take so". Duk wanda ya faɗi haka ka ce ya yi mata da kansa, sannan ya nuna maka. Kada ka tura kuɗi sai ka ga bidiyo mai ɗauke da lambar da ke ƙarƙashin na'urar, ta yi daidai da ta kwali, da fuskar laftof a lokaci ɗaya. Ya ɗora waƙa, ya sa kashi 8, ya ja kowace feda daga sama har ƙasa a hankali: lambar ta riƙa tafiya a jere ba tsalle, ta kai ƙarshen duka ɓangarorin, ta dawo sifili a tsakiya. Sannan ya ɗauke hannu minti ɗaya cur, ka zuba wa lambar ido. Ya ɗora waƙa ɗaya a ɓangare biyu, ya ajiye fedojin a layi ɗaya, ka ga ko lambobin sun yi kusa da juna. In kaya sun iso tasha, ka je da laftof ɗinka da abin kunne ka maimaita gwajin nan kafin ka cika masa sauran kuɗinsa.